Kaza Mai Shuɗin Fiffike

Jiya da dare, bayan na rufe ɗakin kaji na miƙe a gado, na yi wani mafarki. Amma kafin in faɗe shi gara a san ko ni wane ne, kada a ce Malam Shitu ya fara taɓuwa.

Ni mai kiwon kaji ne, fararen nan na nama. Wuri biyu gare ni a bayan gida. Babban ɗakin na kajin kasuwa ne, ƙaramin akurkin kuwa na kajin gida, waɗanda iyalina ke ci. Na kasuwar ina zuba musu wata farar hoda a abinci, cokali biyu a buhu. Wani mai babur ke kawo min ita a leda, ba suna, ba rubutu. In kaza ta ci, sati huɗu sai ka ga ta cika hannu. Likitan dabbobi ya taɓa ganinta, ya ce in haƙa rami in binne, wai irin wannan hodar guba ce, tana taruwa a hantar kaza, daga nan ta koma jikin wanda ya ci. Na ce masa to, irin to ɗin nan da ake cewa don baƙo ya tashi ya tafi. Abin da na yi kawai shi ne na riƙa shafa wa kajin kasuwa shuɗin bular wanki a fiffike, don kada matata Uwani ta yi kuskure ta sa mana ɗaya a tukunya. Har yabon kaina nake, wai ni mai kula da iyali.

Ina da 'ya, 'yar fari, tana aure a unguwar gaba, cikinta wata bakwai. Shekara ashirin da shida ke nan ban taɓa faɗin sunanta ba, haka na tarar iyayena suna yi da ɗan fari. In zan kira ta sai in ce «Ke», in zan yi maganarta sai in ce «yarinyar nan». Tana ƙarama tana masifar son hantar kaza, ni kuwa kunya ba za ta bar ni in miƙa mata da hannuna ba. Sai in bar hantar a koriyar langata, in ce wa uwarta ni ba na cin hanta, a ba yara. Ƙarya nake, ina sonta kamar me.

To, a mafarkin sai na gan ni tsaye a wani gari da rana tsaka, ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake tsattsafowa yana tafiya sama. Kowa ya kife lemarsa yana kare ƙafa. Wandona ya jiƙe sharkaf har gwiwa, hulata kuwa a bushe ƙayau. Ban ga abin mamaki ba, na dai ce a raina ashe bana ta ƙasa damina ta biyo.

«Baba, tura ni mana, za mu makara.»

Na duba. Baro ne a gabana, a cikinsa wata farar kaza ta baje ta cika shi fam. A fiffikenta na hagu ga shuɗin bula, har da shatin babban yatsana.

Na ce, «Ke tawa ce?»

«Taka ce mana. Ni ce mai kwana kusa da mazubin ruwa. Ka manta ran da ka ɗaga ni ka ce wannan ta yi kyau? Na ji daɗi ranar.»

«To me ya hana ki tafiya da ƙafarki?»

«Ƙafafun na ɗan tsako ne, Baba, jikin kuma na babba. Sun yi ta faɗa, sai na raba su, na zauna.»

Ba da fushi ta faɗa ba. Ta gyara kwanciya, ta ce in bi a hankali wajen ramuka, don ita ta tsufa, satinta huɗu da kwana biyu. Na kama baro na tura. Nauyinta ya fi na buhun masara, amma ban yi ƙorafi ba, tunda ni na jawo.

Sai ga mu a wani ofis. Ban ga lokacin da muka shiga ba, kuma ƙofar tana can sama, a rufi. Wata tsohuwar akuya ce a kan kujera, da tabarau, ta yafa mayafi. Duk takardar da aka kawo mata sai ta karanta, ta buga hatimi, ta cinye. Haka ake ajiyar takardu a garin, kuma an ce tun da ta kama aiki ba wadda ta taɓa ɓata.

Ta dube ni ta saman tabarau. «Malam, kayanka ne?»

«Nawa ne, ranki ya daɗe.»

«Me ke cikinta?»

«Dusa, da masara, da waken suya.»

«Da me?»

Kazar ta ɗaga fiffike don ta taimake ni, sai ga wata 'yar taga a haƙarƙarinta, har da labule. Akuya ta yaye labulen, muka leƙa mu biyu. Ciki tsaf, an share, an jera komai. A tsakiya ga hanta zaune, ta rungume wata farar leda marar rubutu, tana jijjiga ta.

Hantar ta ce, «Ajiya aka ba ni. Ba a ce min in mayar wa kowa ba.»

Akuya ta saki labule, ta jawo takarda. «Wa zai ci?»

«Mutane.»

«Waɗanne mutane?»

«Mutanen gari mana. Ni Tanimu mai gashi nake sayar wa, shi ya san masu saye. Ni ban san su ba.»

Ta rubuta a hankali tana maimaitawa, «Bai san su ba.» Ta buga hatimi, ta tauna takardar, ta yamutsa fuska ta ce wannan da ɗaci. Sannan ta ce a garin nan doka ɗaya ce tak: duk abin da mutum ya sayar, shi zai raka shi har bakin mai ci, ya tsaya ya ga an haɗiye, ya ce masa sannu.

Na ce ai wannan ba wuya. Ni fa a lokacin har wani daɗi na ji, don na ɗauka tara za ta ci ni.

Daga nan sai na ga ina tura baro a wani dogon zaure mai bencina. Asibiti ne, amma ba mutum ko ɗaya. Hantoci da ƙodoji ne suka zo ganin likita su kaɗai, sun baro masu su a wajen aiki. Kowace ta riƙe katinta. Ƙodoji bibbiyu suke zama, suna ta gardama a kan wadda ta fi wahala.

Wata hanta mai furfura ta miƙe da ƙyar ta gaishe ni. «A'a, Malam Shitu! Ai mun san hannunka. Ni hantar wani direba ce, duk Juma'a sai ya tsaya wajen Tanimu. Wallahi kajinka da taushi.»

Na ce na gode. Na tambaye ta abin da ke damunta.

«Wuri ne ya ƙare min. Duk mako sai a turo min 'yar ledar nan, ni kuma ba ni da halin zubarwa, sai in nemi lungu in tura. Yanzu a tsaye nake kwana. Shi kuma maigidana bai sani ba, ya ɗauka gajiyar tuƙi ce ke sa shi rama.»

A ƙarƙashin benci na ga ƙwayoyin magani sun shimfiɗa tabarma, su da ƙwayoyin cuta, suna shan shayi a kofi ɗaya. Na ce kai, ba ku ne abokan gaba ba? Wani jan kafso ya ce da can ne, amma tun da aka riƙa haɗa su kullum a cikin abincin kaji suka saba, yanzu har biki suna zuwar wa juna. Ya ce in mutum ya kwanta aka aike shi ya yi faɗa, shi kam gaisawa kawai yake yi ya dawo.

A ƙarshen layin akwai wata 'yar kujera, tsawonta bai fi ɗan yatsa ba, an ɗora mata kati, ba kowa a kai. Na tsaya ina kallonta, haka kawai na ji ta ba ni tausayi.

«Ta wace ce wannan?»

Hanta mai furfura ta ce, «Ta wata ce da ba ta gama haɗuwa ba. Saura wata biyu a haifi mai ita. An dai kama mata layi, don an ce ita ma an fara turo mata.»

Na ce Allah sarki, Allah ya isar wa 'yar mutane. Da bakina na faɗa. Kazar ta juyo ta dube ni da ido ɗaya.

Sai ga mu a bakin titi wajen Tanimu mai gashi, wanda ke zuwa gidana duk Alhamis da kwando a bayan babur. Wutarsa ƙasa take ci, hayaƙin na shigewa cikin turɓaya. Shi kansa Tanimun yana zaune a kan wayar gashi yana fifita, naman kuma na kan benci yana hutawa. Da ya gan mu sai ya sauko ya ba kazar wuri.

Ta sauka daga baro da jan ciki, ta cire gashinta kamar riga, ta ninke, ta miƙo min. Fiffiken mai bula ne a sama.

«Riƙe min, Baba. In an cire wannan ai shi ke nan, ba mai bambanta ni da ta gida.»

Ta hau waya ta kwanta, ta ce wa Tanimu kada ya cika yaji. Ni kuwa ina tsaye da rigarta a hannu, ina jiran in ga wane bawan Allah ne zan raka.

Mai sayen ya iso da baya da baya, takalmansa a hannu. Tun daga ƙeyarsa na gane shi. Nafi'u ne, mijin yarinyar nan. Da ya ji tarina sai ya durƙusa, ya yi ta ƙanƙancewa don kunya har ya shige cikin hularsa. Hular ce ta gaishe ni.

«Barka da rana, Baba.»

«Barka kadai. Me kake yi a nan?»

«Saƙo ne, Baba. Tun da ta samu juna biyu ba abin da ke zama mata sai hantar kaza. Kuma ta ce ita kajin Baba kawai ta yarda da su, don shi ba zai ba kaza abin banza ba. Ni kuma ina jin nauyin in zo gida in ce a sayar min, na san ba za ka karɓi komai ba, kuma ba zan iya zuwa roƙo duk mako ba. Shi ne nake zagayowa nan, tunda kowa ya san kajin Tanimu naka ne.»

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba tun da nake. Na buɗe baki in ce masa ajiye, kada ka kai mata, akwai guba a ciki. Abin da ya fito shi ne, «Ina gajiya?»

Hular ta ce, «Ba gajiya, Baba.»

Na sake yunƙurawa da ƙarfi. «Ya aiki?»

«Da godiya.»

«Ya mutanen gida?»

«Lafiya lau, Baba.»

Ashe a garin suruki ba ya iya ce wa suruki komai sai gaisuwa. In na faɗi gaskiya, a garinmu ma haka ne, shekara uku ban wuce nan da shi ba. Na yi gumi, na yi ta nuni da hannu, shi kuwa sai ƙara durƙusawa yake yana cewa amin. Tanimu ya naɗe kazar a takarda, ya ware hanta daban, hular ta ɗauka ta yi gaba. Na jefar da baro na bi ta a guje.

Sai ga ni a bakin wani tsakar gida. Gidanta ne, na gane bishiyar zogalen da uwarta ta ba ta ta dasa. Amma tsakar gidan miƙewa yake yi, in na yi taki ɗaya ya ƙara biyu. Tana can ƙarshe a kan tabarma, ta miƙe ƙafa yadda masu ciki ke yi, ta ba ni baya. A gabanta ga koriyar langata, wadda ta fashe tun shekara goma da suka wuce, ga ta nan sabuwa fil. Ta buɗe, ta ɗauki hantar, ta busa mata iska, yadda take yi tana 'yar shekara biyar.

Na ƙwala kira. «Ke!»

Duk matan garin suka leƙo ta katanga suka ce na'am. Ita ba ta juyo ba.

«Yarinya! Ke 'yar gidan nan! 'Yar Uwani!»

Wasu Uwani guda bakwai suka fito da 'ya'yansu mata, suna tambaya ko lafiya. Ita ko gezau. Ta tsoma hantar a yaji.

Akuyar nan mai tabarau ta bayyana a gefena, da teburinta da kujerarta, tana tauna wata takarda. «Malam, kada ka wahalar da maƙogwaronka. A garin nan mutum ba ya ji sai an kira shi da sunansa.»

«'Yar farina ce, ranki ya daɗe. Ba na faɗa.»

«To jira ta haɗiye, ka ce mata sannu. Ita ce dokar.»

Na nemi sunan. Yana nan inda na ajiye shi tun ranar suna, can ƙasan ƙirji, ya yi tsatsa don rashin taɓawa. Na jawo shi ya zo wuya ya tsaya. Kunya ta danne shi ta sama, tsoro na tura shi ta ƙasa. Na ga mahaifina, Allah ya jiƙansa, zaune a kan katanga yana gyara carbi, na ga kakata, na ga duk wanda zai ce Shitu ba shi da ta ido. Hannunta kuwa yana ta tafiya zuwa baki.

Sai na ji muryar kazar daga cikin langa, ƙasa ƙasa. «Faɗa mana, Baba. Wallahi ni ma ba na son shiga. Akwai yaro a ciki, yana barci.»

Na dubi mahaifina. Ya kawar da kai gefe, yadda manya ke yi in sun ba ka izini ba tare da sun ba ka ba.

Na ce, «Barira!»

Ruwan da ke tafiya sama ya tsaya cak. Ya yi ɗan jim, sannan ya juyo ya zubo ƙasa kamar na ko'ina. Tsakar gidan ya dawo daidai, taki uku tsakanina da ita. Ta juyo da hantar a hannu, ba ta kai baki ba. Ta dube ni, idonta ya ciko.

«Na'am, Baba. Ashe ka san shi?»

Na buɗe baki in ba ta amsa, sai akuya ta ɗaga hatimi ta buga a tebur, ya ce fiit. Ta sake bugawa, fiit, fiit.

Na farka. Hon ɗin babur ne a ƙofar gida. Gari ya waye, yau Alhamis, Tanimu ya zo ɗaukar kaji. Uwani na tsaye a bakin ƙofar ɗaki da kwanon koko da ludayi a hannu, tana kallona kamar ta ga baƙo.

«Malam, sunan wa na ji ka kira?»

Na zura riga a bai-bai na fita ba takalmi. Tanimu na kwance igiyar kwando. Ko gaisawa ba mu gama ba na ce masa, tsakaninsa da Allah, Nafi'u na sayen kaza a wurinsa? Don na tuna wata rana na hango babur ɗin yaron a wajen, na kawar da kai na canza hanya, kada mu haɗa ido.

Tanimu ya sosa ƙeya yana murmushi. «Kai Malam, wa ya faɗa maka? Duk Alhamis da yamma. Har hanta yake sa in ware masa. Ya roƙe ni kada in bari ka ji.»

Na dafa bango. Na ce masa yau babu kaji, gobe ma babu, kuma masu shuɗin fiffiken nan ko kyauta ba zan ba kowa ba. Ya tsaya da igiya a hannu yana tambaya ko ciwo ya shiga ɗakin. Na ce e, ya shiga, ni na kai shi da cokali.

Na koma ciki. Uwani na nan inda na bar ta. Na ce ta kama jar kazar nan ta akurkin gida a yanka, ta ware hantar daban, kuma a nemo min fartanya, akwai ledar da zan binne. Na ce in an jima ta shirya, za ta raka yarinyar asibiti a duba ta, ita da abin da ke cikinta, ni zan yi wa likita bayani da bakina.

Uwani ta ce, «Wace yarinyar?»

Ta sani sarai. So take ta ji ko na barci ne kawai. Na ji kunnuwana sun yi zafi, na dubi ƙasa, na dubi zogalen tsakar gida.

Na ce, «Barira. Kira min Barira a waya, ni zan yi mata magana.»

Ludayin ya suɓuce daga hannunta ya faɗa cikin kokon.